Yadda ake ciyar da mai gyambon ciki ba tare da an ɗora tukunya biyu ba

Maigidana direba ne, jigila yake yi tsakanin Tawa da Yamai. Duk wanda ya taɓa bin hanyar nan, a sauka Ƙwanni, a wuce Dogon Dutsi, a ratsa Doso, ya san yini take ci, kuma abin da ta fi ci shi ne bayan direba. Akwai lokacin da ya tsiri tashi wajen ƙarfe 2 na dare, ya zauna bakin gado ya dafe ƙahon zuciya da tafin hannu. In na tambaya sai ya ce, "Ba komi, yunwa ce." In dama masa ragowar fura ya sha, ciwon ya lafa, mu koma barci. Mun yi watanni a haka. Ranar da zan wanke rigarsa ta aiki na zazzage aljihu, sai ga katin magani har huɗu, duk an ɓare ƙwayoyin, irin wanda ake saya a tasha saboda ciwon baya. Ban ɗauke shi a bakin komi ba. Bayan sati biyu ya fito daga bayi yana jiri, ya ce kashinsa baƙi ƙirin kamar kwalta. A asibiti muka kwana ranar.

Tsarin da muka bi har ya samu lafiya shi zan shimfiɗa a nan, haɗe da kurakuran da na tafka da hannuna. Amma tun kafin mu shiga kicin, uwargida, ki riƙe wannan: ba abinci ke haddasa gyambon ciki ba, kuma abinci shi kaɗai ba ya warkar da shi. Aikinsa ya rage azaba, ya riƙe jiki, har magani ya gama nasa aikin.

Mataki na farko: a gano mai laifin

Gyambon ciki, wanda ƴan uwanmu na Najeriya ke kira olsa, rauni ne da ke buɗewa a bangon tumbi ko a farkon ƙaramin hanji, daidai inda abinci ke fita daga tumbi. Tumbi yana tsatso wani ruwa mai tsananin tsami don narka abinci, kuma Allah Ya shafe bangonsa da majina mai kauri da ke hana ruwan nan cin nama. In wani abu ya lalata majinar, sai tsamin ya tarar da nama a fili ya yi ta ƙona shi. Abubuwa biyu ne suka fi yin wannan ɓarna: wata ƙwayar cuta da ake kira Helicobacter pylori, da kuma magungunan kashe zafin ciwo.

Da can likitoci ma sun ɗauka yaji da damuwa ne ke kawo ciwon. Sai a 1982 wasu likitoci biyu a birnin Perth na Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ƙwayar tana zaune cikin tumbin masu gyambo. Da abokan aikinsu suka ƙi yarda, a 1984 Marshall ya kwankwaɗi ruwa mai ɗauke da ƙwayar da gangan, cikin ƴan kwanaki tumbinsa ya kumbura. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Wajen rabin mutanen duniya na ɗauke da wannan ƙwaya, yawanci tun suna yara suka ɗauka ta ruwa mara tsabta, ko hannu, ko miyau, kuma mafi yawansu ba ta taɓa kwantar da su ba. Amma ba abar wasa ba ce: tun 1994 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da ke kawo kansar tumbi.

Saboda haka a je a yi awo. Ana gane ƙwayar ta awon bayan gida, ko na numfashi, ko na jini. Shi kuwa raunin, an fi ganinsa da fiburoskopi, wata siririyar tiyo mai ido a kanta da ake zurawa ta baki, bayan mutum ya ɗauki aƙalla awa 6 bai ci komi ba. Mu sai da muka je Yamai aka yi wa maigida. Na nanata maganar awo ne don a garin nan duk wanda ƙirjinsa ya yi zafi sai ya yanke wa kansa hukuncin gyambo, alhali wani ƙwarnafi ne ke damunsa, wani tsakuwar matsarmama ce, wani ma zuciya ce.

Mataki na biyu: a zazzage aljihu kafin a taɓa tukunya

Da na zuba katunan nan a gaban likita, sai ya ɗaga kai ya ce, "Hajiya, kina hana shi barkono, wannan kuwa wa ya hana shi?" Kunya ta kama ni. Wata uku ina dukan taiki, jakin yana tsaye a gefe.

Magungunan da za a kiyaya su ne asfirin, ibuprofen, diklofenak, indometasin, piroksikam da danginsu. Suna kashe zafin baya da na gwiwa ta hanyar tsayar da wani sinadari a jiki, sai dai wannan sinadarin shi ne kuma ke sa tumbi ya yi majinar da ke kare shi. Shi ya sa ko allurarsu aka yi, ko aka sha bayan an ƙoshi, ba a tsira gaba ɗaya ba. Haɗarin yana ninkuwa in an haɗa su da deksametazon, wanda wasu mata ke sha don ƙiba. Ku yi hattara da ƙullin ƙwayoyi kala-kala da masu yawo da magani a faranti ke haɗawa da sunan maganin gajiya. Ba ka san abin da ke ciki ba, kuma sau da yawa waɗannan ne. In ciwon kai ko na jiki ya taso, parasetamol ne abokin mai gyambo, kada babba ya wuce giram 3 a yini sai da izinin likita. Wanda kuma likitan zuciya ya ɗora a kan ƙaramin asfirin na kullum, kada ya yanke da kansa, ya koma ya yi wa likitan bayani.

Sai taba. Tana jinkirta warkewar rauni, tana kuma sa ya dawo bayan ya warke. Giya ma haka, tana ƙona bangon tumbi kai tsaye.

Akwai kuma kanwa. Na san gidaje da yawa da in ciki ya murɗa sai a jiƙa ta a sha. Gaskiya tana kashe tsami nan take, mutum ya yi gyatsa ya ji daɗi. Amma iskar da take tarawa tana buɗa tumbin da ke da rauni, gishirin da ke cikinta yana cutar da mai hawan jini da mai ciwon ƙoda, kuma sauƙin da take kawowa yana sa mutum ya yi ta ɗage zuwa asibiti. Ɗan ƙanƙanen da ake jefawa cikin wake ko kuɓewa ba shi nake nufi ba.

Mataki na uku: a daidaita magani da lokacin cin abinci

In an samu ƙwayar, likita zai rubuta maganin rage tsami, irin su omeprazol, tare da magungunan kashe ƙwayar cuta biyu ko uku, kamar amoksisilin, kilaritromisin, metronidazol ko tetrasikilin, na kwana 10 zuwa 14. Daga nan a ci gaba da na rage tsamin har sati 4 zuwa 8, gwargwadon inda raunin yake.

Omeprazol ana shan sa ne da ruwa, ciki ba komi, minti 30 kafin karin kumallo, a haɗiye shi ɗungurungum ba tare da an tauna ba. In sau biyu aka rubuta, na biyun kafin abincin dare. Mu sai muka ɗaure shi da sallar asuba: yana dawowa daga masallaci ya sha, kafin in gama dama kunu lokaci ya yi. Metronidazol kuwa a sha shi da abinci don yana tayar da zuciya, kuma ba ya haɗuwa da giya ko kaɗan. In akwai tetrasikilin, a raba shi da nono, madara da kanwa da tazarar awa 2, don suna hana jiki tsotse shi. Mai juna biyu, da wanda penisilin ke sa wa ƙuraje ko kumburi, su faɗa tun kafin a rubuta takardar.

A kwana na huɗu maigida ya ce bakinsa kamar ya tsotsi ƙarfe, ga gudawa kaɗan, ga ciwon ma ya tafi, to me ya rage? Nan ne mutane da yawa ke ajiye magani, ƙwayar ta farfaɗo ta zama mai taurin kai. Na yanka katunan na jera su cikin ƙananan leda, kowace rana da tata, in zai yi tafiya in sa masa na kwanakin a jaka.

Mataki na huɗu: a tsara lokaci

Wasu ciwon yana kama su in ciki ya zama wayam, musamman tsakar dare, abinci ya kwantar da shi. Wasu kuma da sun ci yake tashi. Ko wanne ne, abin da ya fi dacewa shi ne ci uku a lokaci tsayayye, ba a cika ciki dam ba, da ɗan abin taɓawa da hantsi da la'asar ga wanda yunwa ke tayar wa da ciwo: ayaba ɗaya, dabino uku, guntun burodi. Yini da yunwa a zo da dare a narki tuwo malmala uku, wannan shi ne halin direbobi da ƴan kasuwa, kuma shi ya fi wahalar da tumbi. A ci a hankali, a tauna sosai, a bar abinci ya huce. A bar awa 2 zuwa 3 tsakanin tuwon dare da kwanciya. Furar tsakar daren da nake dama masa kuwa, sai daga baya na gane tana kwantar da ciwon ne na ɗan lokaci sannan ta sake tayar da tsami yana barci. Da magani ya kama jiki, tashin daren ya tafi da kansa.

Mataki na biyar: tukunya

Satin farko na ɗora tukunya biyu, tasa da ta gida. Tasa farar shinkafa ce da ruwan miya mai kama da hawaye. Ya rame, ya tsani ganin kwano, gawayi da iskar gas suka ƙare mini, yara kuma suka fara kallon ubansu kamar baƙo. Ba a buƙatar wannan horo. Mai gyambo yana bukatar abinci mai gina jiki, musamman wanda ya zubar da jini. Dabarar ita ce a gyara tukunyar gida gaba ɗaya, a fitar da zafin gefe.

Ga yadda nake yi. Ina jajjaga attaruhu da barkono daban, in ɗan dafa su da gishiri a ƙaramar tukunya, in zuba a kwano. Miya tana nuna ba tare da su ba, mai so ya ɗiba ya sa a nasa. Garin yaji ma yana cikin gwangwaninsa, ba ya shiga tukunya. Citta, masoro da kanumfari na rage su zuwa ɗan abin da zai ba da ƙamshi. Daddawa ban taɓa ta ba, ita ce ma ta ceci miyar daga zama lami.

Mai shi ne abu na biyu. Abinci mai maiƙo yana daɗewa a tumbi, yana sa nauyi da ƙwarnafi. A da, da ludayi nake zuba mai, yanzu da cokali. Ƙosai, fanke, soyayyen dankali da soyayyen nama sun dakata har sai da aka gama magani. Nama sai dafaffe ko gasasshe, an yanke kitsen. Farfesun kaza ba barkono, da albasa da daddawa da ɗan karas, ya fi karɓarsa. In an kawo kifin Tabalak kasuwa, ina dafa shi a romo maimakon in soya. Ƙwai dafaffe ba laifi. Hanta sau ɗaya a sati, da wake da zogale, saboda jinin da ya rasa.

Albasa kuwa, mu mutanen Adar ba a raba mu da ita, ga Galmi nan kusa. Ɗanyarta, irin ta kan tsire da dambu, tana tayar wa mutane da yawa da ƙwarnafi. Dafaffiya har ta narke ba ta dame shi ba, ita ce ma ke zaƙaƙa miya.

Da safe: kunun gero da ba a tsamama ba, ko kunun gyaɗa mara kauri sosai, da burodi ko ƙwai, ko ɗumamen tuwo. Kokon da ya kwana ya yi tsami, da kunun tsamiya, na ajiye su tukuna.

Da rana: shinkafa da miya, dafa-duka, taliya, dankalin Hausa ko na Turawa, doya in ta samu. Matsalar jar miya ita ce tumatirin gwangwani da ake soyawa cikin mai har ya yi duhu. Na rage shi zuwa rabi, na cike gurbin da kabewa da karas da na dafa na murje; miyar ta yi kauri, ta yi ja, tsamin ya ragu, kuma har yau yara ba su gane an canza komi ba. Wake abinci ne mai kyau, sai dai iska. Ki jiƙa shi tun dare, ki zubar da ruwan, ki dafa shi har ya yi luguf, a fara da kaɗan. Dambu ma yana ci, in zogalen ya dahu sosai, mai kaɗan, ba ɗanyar albasa.

Da dare: tuwon gero, dawa, masara ko shinkafa, mai laushi, da miyar kuka, kuɓewa ko lalo. Ban ce miyar yauƙi magani ce ba, amma a gidana ita ce ba ta taɓa tayar masa da ciwo ba ko sau ɗaya. Miyar yakuwa da duk wata miya mai tsami sai daga baya. Gishiri da dunƙulen ɗanɗano a sassauta musu, yawan gishiri yana gurza bangon tumbi.

Kayan marmari: ayaba, gwanda, kankana, dabino, nunannen mangwaro. Lemun tsami, ɗanyen mangwaro da gishiri, tsamiya da zoɓo mai tsami su jira. Kabeji, karas da kabewa a dafa su. Salati kuwa, in za a ci, a wanke shi da ruwa mai tsabta ƙwarai, kuma ba ruwan kal. Ruwan sha ma a kula da shi, a rufe randa, a wanke hannu da sabulu kafin a sa a kwano, tunda ta nan ƙwayar ke yawo a cikin gida.

Mataki na shida: maganar nono da fura

Nan muka yi ta fama da surukata. Kullum da hantsi sai ta aiko da ƙwarya, in ta zo ta ce, "Ke ɗiyar nan, ba shi nono, shi ka sanyaya ciki." In ce, "To, Inna." Ba ita kaɗai ba ce da wannan fahimta. A 1915 wani likita a Amurka, Bertram Sippy, ya fito da tsarin ba masu gyambo madara kowace awa, aka yi shekaru da dama ana bin sa a asibitocin duniya. Daga baya aka gane madara tana kwantar da tsami na ɗan lokaci ne kawai, sannan sinadaran gina jiki da na ƙashi da ke cikinta su sa tumbi ya tsatso wani sabo.

To, nono abinci ne, a sha shi a matsayin abinci. Nono cikin kofi ɗaya tare da cima ba laifi. Abin da ba a so shi ne a mai da shi magani, duk lokacin da ciwo ya motsa a ɗaga ƙwarya. Madarar shanu ko ta raƙumi da aka tatso a tafasa ta kafin a sha. Kindirmo sabo wanda bai yi tsami ba ya fi tsala da ya kwana biyu. Cuku kaɗan ba ya cutarwa.

Fura kuwa ba a hana Ba'adare ita, sai dai a gyara. Ta kasuwa tana zuwa da barkono da citta da kanumfari, a dama ta da nono mai tsami, a sha cikin rana ciki ba komi. Ni nake kirɓa tamu, kayan yaji ɗan kaɗan, barkono babu, in dama da kindirmo sabo. Da Inna ta ɗanɗana sai ta ce, "Wagga hura ta marasa lahiya ce." Na ce ai shi ya sa. Tun daga nan ita ma irinta take aikowa.

Mataki na bakwai: shayi, kofi da goro

Wannan ya fi barkono wuyar bari. Namiji a Tawa in an hana shi shayi kamar an kore shi daga fada ne, wato majalisar abokansa. Shayi mai ƙarfi, kofi, goro da lemon kwalba mai baƙin ruwa duk suna ɗauke da sinadarin da ke hana barci, kuma yana ƙara tsamin ciki. Kofi ko an cire masa wannan sinadari yana tayar da tsami. Lemo mai gas yana kumbura ciki. Abubuwan shan nan na gwangwani da direbobi ke sha don kada su yi gyangyaɗi su ne kan gaba wajen bari.

Yarjejeniyar da muka yi: lokacin magani, ba shayin fada sam. Bayan nan, cikin zubi ukun da ake yi wa shayin fada, ya bar na farko, mai ɗacin nan, ya karɓi na uku, kuma sai ya ci abinci. Wanda ake ba maganin ƙarin jini ya raba shi da shayi da awa 1 zuwa 2, don shayi yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe. Abokansa sun yi masa tsiya kwana biyu, daga baya suka riƙa miƙa masa na ukun ba sai ya tambaya ba.

Mataki na takwas: hanya da azumi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Daren da zai tashi nake haɗa masa ayaba, dabino, dafaffen ƙwai, burodi da gorar ruwa, don kada yunwa ta kai shi gaban mai tsire a Dogon Dutsi. In dole sai an saya, a ce wa mai nama ya ba da gashi ba yaji ba kitse, a ce wa mai abinci ta ɗebo miya daga ƙasa, ba man da ke yawo a sama ba. Kilishi yana da yaji tun daga ƙamshinsa, ya jira. A gidan biki ma haka, a ci shinkafa a bar man.

Azumi kuwa, a ga likita tun cikin Sha'aban. Mai rauni ɗanye, ko wanda bai daɗe da zubar da jini ba, ko wanda ke tsakiyar shan magungunan kashe ƙwayar, doguwar yunwa tana iya kai shi ga zubar jini ko hujewar tumbi. Aya ta 184 da ta 185 a Suratul Baƙara sun ba mara lafiya damar ya sha ya rama. Maigida ya sha azumin shekarar, ya rama da sanyi. Wanda likita ya yarje wa, ya sha maganin rage tsami kafin sahur, ya jinkirta sahur ɗin, kada ya tsallake shi. Da buɗa baki a fara da dabino da ruwa da kunu mara tsami, a yi sallah, sannan a ci abinci a natse. Ƙosai mai zafi da zoɓo da lemon kwalba a kan cikin da ya yini wayam, wannan neman magana ne.

Alamun da ba a jira gari ya waye

Baƙin kashi mai danƙo da wari. Aman jini, ko amai mai kama da garin kofi. Ciwo mai tsanani da ya faɗo farat ɗaya, ciki ya ƙame kamar katako. Jiri, zufa mai sanyi, suma. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, a ɗauke shi zuwa babban asibitin jiha nan take, kada a ba shi abinci, kada a ba shi nono ko kanwa ko jiƙo, a tafi da duk katunan maganin da yake sha. Maganin ƙarin jini da wani mai suna bismut su ma suna baƙanta kashi, amma in ana shakka gara a je a dawo. Ramewa ba dalili, amai kullum bayan cin abinci, da abinci ya riƙa tsayawa a maƙogwaro, su ma na likita ne cikin satin, musamman ga wanda ya manyanta.

Mataki na ƙarshe: a sake awo, a dawo da abinci ɗaya bayan ɗaya

Ɗaukewar ciwo ba ita ce shaidar ƙwayar ta mutu ba. Ana sake awon bayan gida ko na numfashi aƙalla sati 4 bayan gama magungunan kashe ƙwayar, kuma sai an yi sati 2 ba a sha omeprazol ba, in ba haka ba awon zai iya nuna babu alhali akwai. Awon jini ba ya aiki a nan, don yakan ci gaba da nuna alamar ƙwayar ko bayan ta mutu. Wanda rauninsa ke cikin tumbi kansa, likita yakan so a sake fiburoskopi don a tabbatar ya rufe.

Daga nan sai a fara sakin mara. Na sayi ƙaramin kaye irin na ƴan makaranta, na ja layi biyu: abin da ya ci, da yadda ya kwana. Abu ɗaya ake dawowa da shi, kaɗan, a jira kwana biyu ko uku kafin a gwada wani. In aka dawo da uku rana ɗaya ciki ya motsa, ba a san wanda za a kama ba. Cikin kowa da halinsa, abin da ya dami maƙwabcinki ba lalle ya dami naki ba, don haka kada a hana mutum abin da bai taɓa cutar da shi ba saboda an ji a bakin wani. A kayenmu lemun zaƙi ya wuce lafiya, miyar yakuwa ta wuce, ƙosai uku da safe sun wuce, garin yaji ɗan kaɗan a kan tsire ma ya wuce. Attaruhu ɗanye da kofi ne suka faɗi, sau biyu ana gwada su. Ciwon bayan kuma an duba shi daban, aka koya masa motsa jiki, ya sa ƙaramin matashi a kujerar mota, yana tsayawa a Ƙwanni da Doso ya miƙe ƙafa. Har yanzu in zan wanke rigar aikin sai na zazzage aljihun, abin da ke faɗowa ƙwallon dabino ne da katin parasetamol.